Salansar Babur: Kimiyyar da ke Cikinta da Yadda Ake Ɗaura Sabuwa a Gida

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukan yammacin Jihar Kano, irin su Tudun Kaya ta ƙaramar hukumar Ƙaraye da maƙwabciyarta Rogo, babur ya daɗe da karɓe aikin da jaki da keke suka sha yi a da. Shi ne mai kai taki gona, shi ne mai fito da buhun masara zuwa bakin titi, shi ne mai kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ko da aka hana sana'ar acaɓa a cikin birnin Kano a shekarar 2013, babur bai rasa matsayinsa a karkara ba, domin akwai hanyoyi da yawa da mota ba ta shiga, musamman da damina.

Daga cikin sassan babur, salansa na cikin waɗanda suke saurin lalacewa a irin waɗannan wurare. Tana kusa da ƙasa, tana shan taɓo da ruwa, duwatsu suna dukanta, tsatsa tana cinta ciki da waje. Idan ta huje, mai babur yakan sayo wata a kasuwa, wadda sau da yawa ba kamfanin da ya ƙera babur ɗin ne ya yi ta ba, ya ɗaura da kansa a ƙofar gida. Wasu samari kuma da gangan suke cire lafiyayyiyar salansa, ko su fasa cikinta, don babur ya riƙa ƙara a wajen biki ko ranar Sallah. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa ɗalibai da malamansu abin da salansa take yi, da dalilin da ya sa take yin sa, da yadda ake ɗaura sabuwa ba tare da an cuci inji ko kunne ba.

Daga Ina Ƙarar Babur Take Fitowa?

Yawancin baburan da ake hawa a ƙasar Hausa yanzu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, suna da inji mai silinda ɗaya wanda yake aiki a matakai huɗu. Wannan tsari Bajamushe Nikolaus Otto ne ya kyautata shi a shekarar 1876, kuma a 1885 wasu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora ƙaramin injin fetur a kan wani keken katako, wanda ake ɗauka shi ne kakan babura masu amfani da fetur.

A mataki na farko, fistin yana sauka ƙasa ya zuƙo iska da fetur a gauraye. A na biyu, yana hawa sama ya matse su. A na uku, fulogi yana ba da tartsatsi, cakuɗen ya kama da wuta, zafin ya kumbura iskar, ta tura fistin ƙasa da ƙarfi. Wannan turin shi ne ke juya taya. A na huɗu, bawul ɗin fitar hayaƙi yana buɗewa, fistin ya sake hawa ya koro ƙonanniyar iskar waje.

Mutane da yawa suna zaton ƙarar babur ƙarar ƙonewar fetur ce a cikin silinda. Mafi yawanta ba daga nan take ba. A lokacin da bawul ya buɗe, iskar da ke cikin silinda tana nan da matsi mai yawa, ninki-ba-ninkin matsin iskar waje, saboda haka sai ta fito da ƙarfi a lokaci guda, ta bugi iskar da ke cikin bututu. Wannan bugu shi ne kunne yake ji. Misalinsa kamar balam-balam ce: in ka huda ta da allura za ta fashe da ƙara, in kuwa ka saki bakinta a hankali, iskar nan duka za ta fita ba tare da ta razana kowa ba. Yawan iskar ɗaya ne, bambancin yana ga saurin fitarta. Duk aikin salansa ke nan a taƙaice: ta karɓi iska mai fitowa a dunƙule, ta sake ta a hankali.

Bari mu yi ɗan lissafi. Injin mai matakai huɗu yana fitar da hayaƙi sau ɗaya a kowane juyi biyu. Idan yana juyi 6,000 a minti ɗaya, zai yi bugu 3,000 ke nan a minti, wato 50 a kowace daƙiƙa. Idan girman silindarsa santimita kubik 100 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, to a wannan gudu zai iya zuƙar iska da ta kai lita 300 a minti. Iskar tana shiga da zafin kimanin digiri 30 na ma'aunin Salsiyas, ta fito da zafin digiri 600 ko fiye. Ɗaliban fiziya sun san dokar Charles, wadda ta ce iska tana faɗaɗa gwargwadon zafinta a ma'aunin Kelbin. Digiri 30 shi ne 303 a Kelbin, digiri 600 kuwa 873 ne. Saboda haka iskar ta kumbura kusan ninki uku. Duk wannan dole ya bi ta bututun da bai fi faɗin babban yatsa da kaɗan ba.

Sauti da Ma'auninsa

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Idan makaɗi ya bugi kalangu, fatar tana karkarwa, ta matsa iskar da ke kusa da ita ta sake ta, wannan matsi da saki su yi ta miƙawa gaba har su iso dodon kunne. A iska mai zafin digiri 20, sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. A cikin hayaƙi mai zafin digiri 400 kuwa, yana kaiwa kimanin mita 520, domin sauti ya fi sauri a iska mai zafi.

Abubuwa biyu ake aunawa a sauti. Na farko shi ne yawan girgiza a daƙiƙa, wanda ake ƙidaya da ma'aunin Haz. Shi ne yake bambanta kaurin muryar ganga da zaƙin muryar sarewa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga Haz 20 zuwa 20,000. Na biyu shi ne ƙarfin sauti, wanda ake auna shi da desibel, ma'aunin da ya samo sunansa daga Alexander Graham Bell. Raɗa ba ta wuce desibel 30, hira ta yau da kullum tana wajen 60, babur mai lafiyayyiyar salansa yana wajen 80, wanda aka cire wa salansa kuwa yakan kai 100 ko ya zarce.

A nan akwai abin lura ƙwarai. Ma'aunin desibel ba ya tafiya kamar mudu, inda mudu biyu ya ninka mudu ɗaya. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau biyu, duk ƙarin 10 kuma ya ninka sau goma. Saboda haka, in babur ɗaya yana fitar da desibel 80, babura biyu irinsa 83 za su fitar, guda goma kuma 90. Kafin a kai 100 sai an tara babura ɗari. Ashe ke nan babur ɗaya mai fasasshiyar salansa yana iya zuba wa unguwa ƙarfin sautin da babura ɗari masu lafiya za su zuba.

Abin da ke Cikin Salansa

Tun a shekarar 1897 aka ba wani Ba'amurke mai suna Milton Reeves takardar mallakar fasahar salansa, kuma har yau dabarun da ake amfani da su ba su wuce uku ba.

Dabara ta farko ita ce ta ɗakuna. In aka tsaga salansar babur aka duba, za a ga an raba cikinta da faifan ƙarfe zuwa ɗakuna biyu ko uku, an haɗa su da gajerun bututu masu huji-huji waɗanda ba sa kallon juna. Hayaƙi yana fitowa daga siririn bututu ya faɗa ɗaki mai faɗi, sai ya baje, matsinsa ya ragu. Duk inda faɗin hanya ya canza farat ɗaya, wani kaso na sautin yakan dawo baya, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Idan sautin da ya dawo ya haɗu da mai zuwa ta yadda matsin wannan ya faɗa kan sakin wancan, sai su kashe juna. Wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi ya ga irin wannan: inda tudun igiyar ruwa ya haɗu da kwarin ɗaya igiyar, ruwan yakan kwanta.

Dabara ta biyu ita ce ta tsotsewa. A nan bututu mai huji ne yake ratsa salansa a miƙe, an naɗe shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe. Sauti yana shiga hujin ya ratsa tsakanin zaruruwan, gogayya ta mayar da ƙarfinsa ɗan zafi. Dalilin da ya sa ɗaki mai katifa da labule ba ya amo kamar ɗakin da babu kowa ke nan. Wannan dabara ta fi kashe siririn sauti, ba ta iya wa mai kauri sosai. Yawancin salansar ƙawa da samari suke so irin wannan ce, kuma idan audugar ta ƙone ta kakkaɓe, sai ta zama bututu kawai.

Dabara ta uku ita ce ta tulu. Idan ka hura iska a bakin kwalba, za ta yi amo ɗaya tak, wanda girman cikinta da tsawon wuyanta suka ƙayyade. Masanin kimiyya na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya yi nazarin wannan a ƙarni na 19. Masu ƙera salansa sukan saka wani rufaffen ɗaki mai ƙaramin baki a gefen hanyar hayaƙi, a daidaita girmansa da amon da ya fi damun kunne, sai ɗakin ya riƙa girgiza da wannan amo yana kashe shi.

Bututun da babu ɗaya daga cikin waɗannan, musamman mai buɗaɗɗen baki, aikin kakaki yake yi. Mabushin sarki da leɓɓansa kawai yake sa kakaki ya kai gari duka. To ina ga injin da ke hurawa sau 50 a daƙiƙa?

Shin Cire Salansa na Ƙara Gudu?

Wannan ita ce hujjar da samari suka fi kawowa, kuma akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta. Toshewar hanyar hayaƙi tana rage wa inji ƙarfi, domin fistin yana ɓata wani ƙarfi wajen tura hayaƙi waje. Amma buɗe hanyar gaba ɗaya ba shi ne magani ba.

Dalili kuwa shi ne, akwai ɗan taƙaitaccen lokaci, a ƙarshen mataki na huɗu da farkon na ɗaya, da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. Idan bugun hayaƙi ya kai inda bututu ya faɗaɗa, wata igiya ta zuƙa takan dawo baya. In ta iso silinda a daidai wancan lokaci, sai ta janye ragowar hayaƙi, ta taimaka wajen jawo sabon cakuɗe. Injiniyoyi sun auna tsawon bututu da faɗinsa don igiyar ta iso a kan kari a irin gudun da aka fi amfani da babur. In aka sauya tsawo ko faɗi da ka, igiyar za ta iso a lokacin da bai dace ba. Abin da aka fi gani shi ne babur ya rasa ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wato daidai ƙarfin da manomi yake bukata in ya ɗora buhu biyu zai hau tudu ko zai fita daga yashi.

Abu na biyu shi ne cakuɗen mai da iska. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya yana bukatar iska giram 14.7. Kafireta ba ta da ido. An daidaita jet ɗinta ne da salansar asali. Idan sabuwar salansa ta sa iska ta fi wucewa, cakuɗen yakan yi ƙarancin mai, inji ya riƙa zafi fiye da kima. Baburanmu kuwa iska ce kawai take sanyaya su, ga zafin bazara da yakan haura digiri 40. Ƙarshen abin shi ne ƙonewar bawul ko lalacewar fistin, gyaran da ya ninka kuɗin salansa sau da yawa.

Ga injin mai matakai biyu, irin na tsofaffin Yamaha da Suzuki da Vespa waɗanda ake haɗa musu fetur da mai, lamarin ya fi tsanani. Ba su da bawul irin wanda muka ambata, saboda haka siffar bututun hayaƙi ita ce take hana sabon cakuɗe tserewa. Wani injiniya mai suna Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya nuna a shekarun 1950 cewa da siffar bututu ana iya ƙara wa irin wannan inji ƙarfi mai yawa. Abin da siffa mai kyau ta ba da, siffa marar kyau tana iya ƙwacewa.

Zaɓen Sabuwar Salansa

Kafin a je kasuwa, ko ta Ƙaraye ce ko ta Rogo, ko kuma a cikin Kano, a san sunan babur da girman injinsa. Mafi kyau a tafi da tsohuwar salansar don a gwada. A duba abubuwa biyar. Bakin da ke shiga kan silinda ya zama faɗinsu ɗaya. Kunnuwan da ake ɗaure ta da su a jikin babur su faɗa wuri ɗaya. A ɗaga ta a ji nauyi. Wadda ta fi tsohuwar sauƙi ƙwarai, ko dai ƙarfenta siriri ne ko babu komai a cikinta. A leƙa ta baya. In ana hango haske har ɗaya bakin, ba ta da ɗakuna. A girgiza ta. In wani abu yana kaɗawa, waldar ciki ta saki. Sa'an nan a tabbata tana da murfin kare zafi, a kuma sayi sabon gasket, wato zoben da ake sawa tsakanin bututu da kan silinda. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yadda Ake Ɗaurawa

Kayan aikin ba su da yawa: sifana masu lamba 10 da 12 da 14, waɗanda su ne suka fi dacewa da irin waɗannan babura, da sukudireba, da burushin waya, da tsumma, da ɗan kananzir ko man kwance tsatsa. Ɗalibi ya yi aikin a gaban babba wanda ya san kan babur.

1. A bar inji ya huce sarai, aƙalla awa ɗaya bayan an kashe shi. A kafa babur a kan jak ɗinsa na tsakiya, a fili mai tauri, a waje ba a cikin ɗaki ba. A rufe makunnin fetur, a zare makulli.

2. A goge notuna biyu da suke riƙe bututu a kan silinda da burushi, a ɗiga musu kananzir, a jira minti goma sha biyar. Waɗannan notuna sun sha zafi da ruwa, saboda haka sukan cije.

3. A sassauta su a hankali, da sifana wadda ta yi musu daidai. In noti ya ƙi, a ƙara jiƙa shi, a ɗan juya gaba a juya baya. Kada a sa bututu a ƙara wa sifana tsawo, kada a hau ta da ƙafa. Ƙusoshin da notunan suke hawa suna dashe ne a cikin alminiyon, kuma in ɗaya ta karye, sai an kai wa makanike ya haƙo ta da na'ura. Wanda noti ya gagare shi, ya tsaya nan ya nemi gwani.

4. A kwance ƙusoshin baya, ana tallafe da salansar da hannu ɗaya don kada nauyinta ya rataya a kan ƙusoshin gaba. Sa'an nan a cire notunan gaba, a zare ta.

5. A ciro tsohon gasket daga bakin silinda. Sau da yawa yakan lafe ya yi baƙi har a zaci babu shi. In aka ɗora sabo a kansa, hayaƙi zai riƙa tsiyaya. A kankare baƙin da ya taru a hankali, ana janyo shi waje, kada ya faɗa ciki.

6. A jera tsohuwar salansa da sabuwa a ƙasa, a sake gwada tsawo da lanƙwasa da ramukan ƙusa.

7. A sa sabon gasket, a ɗora salansar, a ɗaura dukan notuna da ƙusoshi da yatsu kawai, kada a ƙulle ko ɗaya tukuna. In rami ya ƙi haɗuwa da rami, kada a tilasta. Salansar da aka ɗaure a tanƙware, girgizar hanya za ta tsaga ta a wuya.

8. A fara ƙulle notunan gaba, wannan kaɗan, wancan kaɗan, bi da bi, don gasket ya matsu daidai ta kowane gefe. Daga nan a ƙulle na baya.

9. A taka birkin baya har ƙasa, a gwada kik, a danna bayan babur ya sauka ya tashi. Kada salansa ta taɓa birki, ko taya, ko waya, ko tiyon mai.

10. A goge maiƙon hannu daga jikinta, a tayar da inji. Ɗan hayaƙi da warin sabon fenti a mintunan farko ba matsala ba ne. A kawo tafin hannu kusa da mahaɗar gaba, ba tare da an taɓa ba. In an ji iska na bugowa, ko ana jin "tsit-tsit", mahaɗar ba ta zauna ba.

11. Bayan an yi tafiya babur ya huce, a sake gwada notunan. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: bututu mai tsawon mita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 400, yana ƙara kusan milimita 5. Wannan miƙewa da komawa, tare da lafewar sabon gasket, su ne suke sassauta noti.

Bayan kwana biyu ko uku, a kwance fulogi a duba bakinsa, domin shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a cikin silinda. Ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Fari fat yana nuna ƙarancin mai da yawan zafi. Baƙi mai kama da kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa. Haka kuma, in babur yana harbi "tas-tas" idan an saki totur, ko dai mahaɗa na shan iska ko cakuɗe ya yi ƙarancin mai. Gyaran jet aikin makanike ne.

Haɗurra Uku

Na farko shi ne kurumta. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, wanda yake ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000. Su ne suke mayar da girgiza saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 a raba lokacin biyu: awa 4 a 88, awa 2 a 91, awa 1 a 94, minti 15 kacal a 100. Ɗan acaɓan da ya yini a kan babur mai fasasshiyar salansa ya auna kansa da wannan. Cutar ba ta zuwa da ciwo. Alamarta ta farko ita ce kunne ya riƙa kuka da dare, daga baya mutum ya ga yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomi a cikin taro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutane fiye da biliyan ɗaya da rabi suna da raunin ji. A Nijeriya, hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009. Tun kafin doka ma, haƙƙin maƙwabci, da marar lafiya, da jariri, da ɗalibin da ke cikin aji, abu ne da kowa ya taso ya sani.

Na biyu shi ne guba. Salansa tana rage ƙara, ba ta tace hayaƙi, sai fa irin wadda aka sa wa matatar sinadari ta musamman. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana manne wa sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin yake yi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa iskar numfashi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da kasala, daga nan sai suma. Saboda haka kada a ɗuma babur a cikin zaure ko shago a rufe, ko da sanyin hunturu ya matsa. Hukuncin nan ya hau kan janareto da injin ban-ruwa irin wanda manoman rani suke amfani da shi a kewayen madatsar ruwa ta Challawa.

Na uku shi ne ƙuna. Jikin salansa yana zafin da zai sale fata nan take, kuma waɗanda suka fi shan wannan su ne fasinjoji, musamman mata da yara. A yawancin baburanmu salansa tana dama, don haka a hau ta hagu a sauka ta hagu. In ƙuna ta auku, a zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, har tsawon minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa baƙin mai, ko man goge baki, ko ƙwai, ko gishiri. In ƙunar tana da faɗi ko zurfi, ko yaro ne ya ƙone, a tafi asibiti.

Yadda Za Ta Daɗe

Ƙonewar lita ɗaya ta fetur tana haifar da ruwa kimanin lita ɗaya, a siffar tururi. In tafiya gajera ce, salansa ba ta yin zafin da zai kore shi, sai ya taru a ciki ya haɗu da sinadaran hayaƙi ya ci ƙarfe. Shi ya sa wasu salansoshin suke da ɗan rami a ƙasansu. Ba lahani ba ne, kada a toshe shi. A riƙa wanke taɓo bayan salansa ta huce, domin taɓo yana riƙe danshi. In za a ƙetare rafi da damina, kada a bari ruwa ya rufe bakinta. In kuwa inji ya mutu a tsakiyar ruwa, a turo babur waje a tsiyaye shi kafin a sake tayarwa.

Gwaje-gwaje Don Aji

Malami zai iya nuna duk wannan da kayan da ba su da tsada. A jera kwalabe uku iri ɗaya, ɗaya babu komai, ɗaya ruwa rabi, ɗaya kusan cike, a hura bakin kowace. Ɗalibai za su ji amo yana sirancewa yayin da wurin iska yake raguwa. A sa wayar hannu mai kiɗa a cikin gwangwani, a saurara, sa'an nan a jera auduga a cikin gwangwanin a sake saurara. In akwai waya mai manhajar auna ƙara, a auna babur a fili daga nisan mita 1, da 2, da 4. Ya kamata a ga ragin kimanin desibel 6 a duk ninkin nisa. Haka kuma a roƙi mai walda ya tsaga tsohuwar salansa gida biyu, a ajiye ta a ɗakin gwaji.

Tambayoyi

1. Injin mai matakai huɗu da silinda ɗaya yana juyi 4,800 a minti. Bugu nawa yake yi a daƙiƙa? In mai matakai biyu ne fa?
2. Babura huɗu, kowanne yana fitar da desibel 82. Nawa ne jimillar ƙararsu?
3. Awa nawa ya kamata mutum ya yi cikin ƙarar desibel 91?
4. Me ya sa ake sake ƙulle notunan salansa bayan tafiyar farko?
5. Bayyana bambancin salansa mai ɗakuna da mai auduga.

Kammalawa

Mun ga cewa salansa ba gwangwani ba ne kawai da aka rataya a gefen babur. A cikinta akwai dokar faɗaɗar iska, da haɗuwar igiyoyin sauti, da miƙewar ƙarfe, da sinadarin ƙonewa, wato darussan da ɗalibi yake karantawa a aji suna nan suna aiki a ƙofar gidansu. Wanda ya fahimci haka zai zaɓi salansar da ta dace da injinsa, ya ɗaura ta a natse da sabon gasket, ya duba fulogi bayan kwana biyu. Inji in ya ƙone ana sake shi da kuɗi, amma kunne babu kasuwar da ake sayar da shi, don haka rigakafi ya fi magani.